Gawawwakin motocin Matamaye, kafin su hau sikelin ƴan gwangwan

Matafiyin da ya taso daga Damagaram ya nufi Kano yakan bar babbar hanyar Yamai a Takeita, ya karya kudu, ya ratsa Kance, ya faɗo Matamaye, kana ya isa Ɗan Barto inda ƙasar Nijar ta tuƙe, Kwangwalam da Daura suka karɓa. Hanya ce tsohuwa, ta fatake da raƙuma tun kafin zuwan Turawa, ta motoci kuma tun daga lokacin da gyaɗa ta zama abin sayarwa. In matafiyin ya kai idonsa bayan garejoji, ko gefen tasha, ko cikin wani kangon da katangarsa ta zube, zai ga abin da mutanen gari suka daina gani saboda sabo, wato tsofaffin motoci a kwance, waɗansu a kan duwatsu, waɗansu ciki a ƙasa, ba taya, ba gilashi, ba fitila.

Da rani ana ganinsu sarai, jajaye da tsatsa, yara suna wasan direba a cikinsu, awaki suna laɓewa a inuwarsu. Da damina kuwa sai su ɓace. Tafasa da ƙarangiya su rufe su har wuya, yaɗiya ta nannaɗe sitiyari, tumfafiya ta fito ta inda injin yake a da. Gara ta daɗe da cinye katakon bodin manyan, rina ta yi gida a ƙarƙashin rufin ƙananan. Kowace damina ƙarfen yana ƙara laushi, domin tsatsa ruwa da iska take bukata, ƙasar Kance kuwa tana cikin wuraren da suka fi samun ruwa a jahar Damagaram. Motar da za ta shekara hamsin a kwance a rairayin Agadas ba ta canza kama ba, a Matamaye tun kafin haka ƙasanta yake huje kamar rariya.

Mutane da yawa suna kallon waɗannan motoci kamar juji kawai. Amma wanda ya san yadda garin ya tashi ya san cewa wani yanki na tarihinsa ne yake kwance cikin ciyawa.

Zamanin gyaɗa

A shekarar 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, daga 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Ba a daɗe ba manoman kudancin Damagaram, na Kance da Magarya da kewaye, suka gane cewa abin da suke shukawa don ƙuli-ƙuli da man miya yana da kasuwa har bayan teku. Da farko jakuna da takarkarai da raƙuman Buzaye ne suke kai buhuna Kano. Mota a lokacin abin kallo ce. A ƙarshen 1924, sa'ad da Damagaram take babban birnin mulkin mallaka, ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën, masu sarƙa a ƙafafun baya, ya ratso hamada daga Aljeriya, ya bi ta Yamai da Tasawa da Damagaram, ya wuce tafkin Cadi. Turawa 2 ne suka jagorance shi, Haardt da Audouin-Dubreuil, kuma sai a watan Yuni na 1925 tafiyar ta ƙare a tsibirin Madagaskar. Waɗannan wucewa suka yi. Motocin da suka zauna, suka canza zaman mutane, su ne na dakon gyaɗa da suka yawaita bayan yaƙin duniya na biyu.

Manyan kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli a kasuwanni, suna ba ƴan baranda kuɗi su shiga ƙauyuka su sayo. A cikin shekarun 1950 aka gina matatsar man gyaɗa a Matamaye, ta kamfanin SHN, bayan wadda aka riga aka gina a Maraɗi. Daga 1953 hukumar mulkin mallaka ta ƙirƙiro wani shiri da ta sa wa sunan tsattsewa, don a karkata wani kashi na gyaɗar Nijar zuwa tashar jirgin Paraku a Dahome, maimakon Kano da ke hannun Ingila. Amma daga Matamaye zuwa Paraku ya fi kilomita 1000, zuwa Kano kuwa bai kai 200 ba, kuma direba ya fi kowa sanin lissafin mai da taya. Bayan samun mulkin kai, a 1962, gwamnati ta kafa SONARA ta damƙa mata fitar da gyaɗa waje, a shekarar kuma aka kafa UNCC domin ƙungiyoyin manoma. A wancan lokaci gyaɗa ce take kawo wa Nijar fiye da rabin kuɗin da take samu daga kayan da take sayarwa waje. Albashin malamin lakwal a Tilaberi, da maganin gidan likita a Ingal, da kakin sojan da ke gadi a Bilma, duka akwai gumin manomin Kance a ciki, akwai kuma ƙugin motar da ta kwashi buhunansa.

In kaka ta yi, hanyar ba ta barci. Manyan motocin Berliet na Faransa, masu dogon hanci, suna tahowa daga arewa, Bedford da Austin na Ingila suna tahowa daga Kano, daga baya Mercedes mai gajeren hanci ta shigo ta mamaye hanya. Hanyar birji ce, mai gargada, saboda haka kowace mota tana tafe da karen mota 2 ko 3, da weji, da igiya, da gwangwanin ruwa na lagireto. Direba a lokacin babban mutum ne, ana yi masa kiɗa, ana ba shi mata. Da yawa daga alhazan da suka yi suna a Damagaram da Maraɗi daga mota guda suka fara.

Akwai wata alama da za ta taimaki mai son sanin shekarun gawar mota. Har zuwa ranar 2 ga Afrilu 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya, irin na Ingila, motocinsu kuma sitiyarinsu a dama yake. Saboda haka in aka ga tsohuwar babbar mota a Matamaye da sitiyari a dama, to, galibi daga Kano ta fito, kuma ta haura shekara 50.

Yadda suka kwanta

Gyaɗa ba ta mutu a dare ɗaya ba, amma ta yi saurin faɗuwa. Farin 1973 da 1974 ya sa manomi ya koma wa hatsi, domin ciki ne gaba. A 1975 ciwon da ƙwari suke yaɗawa ya afka wa gonakin gyaɗa a Nijar da arewacin Najeriya, ya lalata amfani da iri gaba ɗaya. A daidai lokacin kuma ƙarfen yuraniyom na Arlit, wanda aka fara haƙowa a 1971, ya karɓi matsayin gyaɗa a baitulmalin ƙasa. Hankalin hukuma ya koma arewa, manyan motoci sababbi suka koma hanyar Tawa da Agadas. Matatsar Matamaye ta rasa abin tatsa, daga baya ta tsaya. Dalar gyaɗa ta Kano ma ta baje. A 1984 ga fari, ga Najeriya ta rufe iyakarta har zuwa 1986, shekarun da talakawa suka laƙaba wa sunan El Buhari. Mai motar da ba ta da kaya, in injinta ya buga, ba shi da dalilin sayen wani.

Ƙananan motoci su suka ci gaba da riƙe hanya. Peugeot 404, wadda ta fito a 1960, da ƙanwarta 504 ta 1968, su ne jama'a suke kira Fijo, kuma tun da aka buɗe ma'aikatar haɗa su a Kaduna a 1975 kayan gyaransu suka wadata a kasuwannin Kano. A-kori-kura ta 404 ta ɗauki abin da mai ƙera ta bai taɓa mafarki ba: mutum 20, da buhunan wake, da damman rake na fadamun Kance, da rago a ɗaure a bisa. Waɗansu kuma ta hamada suka zo. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsohuwar Fijo da araha a ƙasarsu, su tuƙo ta ta Tamanrasat da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Damagaram ko Yamai, su koma gida a jirgin sama da riba. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 suka tsayar da wannan ciniki, tashar Kwatano ta gaje shi. Daga nan motocin Japan suka cika gari. Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har bayan shekarar 2000, sa'an nan ita ma ta daina, kayan gyara suka fara wuya, bakanike ya koma cire na wannan yana sa wa waccan, har ya zama mota 3 suna ciyar da 1.

Ban da rashin kayan gyara, akwai abin da ke kwantar da mota wanda ba a cika faɗa ba, shi ne gado. Maigida ya rasu ya bar mota, magada 12, ba wanda zai iya biyan sauran, ba wanda ya yarda a sayar da araha, waɗansu kuma suna ganin sayar da motar uba abin kunya ne. Sai a ce a bari tukuna. Tukunan nan takan kai shekara 30. Akwai waɗanda takardunsu na duwan ba su cika ba, aka tsare su, mai su ya ga kuɗin fansa ya fi kuɗin mota, ya juya baya. Akwai kuma na gwamnati da na ayyukan raya karkara. Matamaye tana cikin wuraren farko da aka soma aikin wayar da kan ƙauyuka a shekarun 1960, kuma Land Rover ce ta kai malaman gona da masu allura da malaman yaƙi da jahilci inda babu hanya. Motar hukuma ba a sayar da ita sai an bi ƙa'ida an fitar da ita daga lissafi an yi gwanjo, takarda kuwa tana iya daɗewa a hanya. Kafin izini ya dawo, abin da za a yi gwanjonsa ya zama ƙwarangwal. Duk ma'aikacin da ya taɓa riƙe garejin hukuma ya san wannan magana.

Maƙera da ƴan gwangwan

Gaskiya ne, a ƙasar Hausa gawar mota ba ta taɓa zama asara gaba ɗaya ba. Maƙera sun daɗe da sanin cewa babu ƙarfen da ya kai sifirin na babbar mota kyau wajen gatari da adda da wuƙar fawa. Daga bodi ake yanko bakin hauya da kwashe da murhu. Gindin a-kori-kura da tayunta su ne suke komawa amalanken shanu, wanda yau shi ne motar manomin Kance, shi ke kai taki gona, shi ke kai mai naƙuda gidan likita. Taya takan zama takalmi, tub ya zama guga, farin ƙarfen injin a narka shi a zuba tukunya. Wannan ci ne na sannu-sannu, kuma amfaninsa a gari yake tsayawa.

Abin da ya canza shi ne zuwan sikeli. Tun daga shekarun 2000 da tsohon ƙarfe ya yi daraja a kasuwar duniya, ƴan gwangwan suke bi gari gari da kura da mai walda. Ba ruwansu da sunan mota ko shekarunta, nauyi suke saye. Motar da ta shekara 40 a kwance, yini guda ya isa a yayyanka ta, a loda, a tsallaka da ita iyaka zuwa ma'aikatun narka ƙarfe, ta dawo rodin gini. Ba a zargin ɗan gwangwan, sana'arsa yake yi, kuma sau da yawa shi ne yake raba magada da rigimar da ta gagari alƙali. Sai dai abin da tsatsa take ci a shekara 50, sikeli yana cinye shi a mako guda.

Barin su a kwance ma yana da nasa haɗari, kuma ya kamata iyaye su san shi. Tsohuwar taya tana tara ruwan damina, sauro ya yi ƙwai a ciki, a bakin ƙofar gida. Baƙin mai yana tsiyaya cikin ƙasa, alhali a fadamun wannan yanki ruwa kusa yake, rijiyar lambu ba ta da zurfi. Mafi muni shi ne batir, domin darma ce a cikinsa, darma kuwa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba tare da an ga alama da wuri ba. A unguwar Caroy ta bakin Dakar, a ƙasar Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu saboda ƙurar darmar tsofaffin batura da ake fasawa ana tankaɗe ƙasarsu a cikin gidaje. Wanda ya ga yara suna fasa batir don su sayar da abin ciki, ya hana su, ya kuma gaya wa ma'aikatan kiwon lafiya.

Labarin wani mai motocin dako a Faransa

A yammacin Faransa, kusa da garin Niort, an yi wani mai kamfanin motocin dako, sunansa Roger Baillon. A shekarun 1950 da 1960, lokacin da kasuwa take yi da shi, ya riƙa sayen tsofaffin motoci na ƙasaita waɗanda masu su suke shirin kai wa ƴan gwangwan na can, da niyyar wata rana ya buɗe gidan tarihi. A ƙarshen shekarun 1970 kamfaninsa ya karye, aka sayar da waɗansu don biyan bashi, sauran kusan 60 suka zauna a ƙarƙashin rumfunan kwano a bayan gidansa, a ƙauyen Échiré. Ya rasu, ɗansa ma ya rasu, ciyawa da kurangar daji suka rufe su, kamar dai yadda yaɗiya take yi a Matamaye. A 2014 jikokinsa suka kira masu gwanjo. A ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka yi gwanjon motoci 59 a Paris, da tsatsarsu da ƙurarsu, aka tashi da kuɗi sama da Yuro miliyan 25, wato fiye da miliyar 16 na Sefa. Guda ɗaya daga ciki, Ferrari ta 1961 wadda ɗan wasan sinima Alain Delon ya taɓa hawa, an same ta a ƙarƙashin tulin tsofaffin mujallu, ita kaɗai ta yi fiye da miliyar 10.

Mai karatu zai ce ashe kaza ce ta kwana a kan dami. To, a yi hattara. Motocin Baillon irin waɗanda aka ƙera ƴan kaɗan ne tun asali, don attajirai, kuma rumfa ta kare su daga ruwa. Fijo 404 da 504 miliyoyi aka yi, wadda kuma ta shekara 30 tana ɗaukar rake a hanyar birji ba abin da ya rage a jikinta na asali sai suna. Wanda ya ƙi raba gado yana jiran Bature ya zo da miliyar, zai daɗe yana jira. Duk da haka ba a rasa na musamman a cikin abin da hamada ta kawo. Citroën ta taɓa ƙera wata ƙaramar 2CV mai injin 2, ɗaya gaba ɗaya baya, ta sa mata suna Sahara, ba a yi 700 cikakku ba, kuma masu tara motoci suna nemanta ido rufe. Land Rover ta farko-farko, wadda aka soma yi a 1948, ita ma ana nema. Sunan Berliet kansa ya ɓace daga kasuwa tun 1980, bayan kamfanin ya shige cikin Renault. Daga cikin ƙattin motocinsa 4 masu suna T100, da aka ƙera daga 1957, galibi don aikin man fetur, 2 ne suka rage, ɗaya a Hassi Messaoud ta Aljeriya, ɗaya a gidan ajiyar Berliet kusa da Lyon. Saboda haka kafin a kira mai walda, ba laifi a duba ƙaramin allon ƙarfe da ke manne kusa da injin ko jikin ƙofa, a kwafe suna da lamba, a tambayi wanda ya sani.

Amma darajar da ta fi shafar Matamaye ba a Paris za a yanke ta ba. Yaron da aka haifa bayan 2000 bai ga dalar gyaɗa ba, bai ji ƙarar matatsa ba, bai san garinsu ya taɓa ciyar da baitulmalin ƙasa ba. Berliet guda ɗaya da ta yi dakon SONARA, a tsaye a ƙarƙashin rumfa, da allo a gabanta da Hausa da Faransanci, za ta koya masa abin da darasin awa 2 ba zai koya masa ba. Nijar ta taɓa yin irin wannan. Itacen Tenere, wanda ayarin Berliet na 1959 ya yada zango a gindinsa, da wata babbar mota ta kayar da shi a 1973, ba a bar shi ga masu itacen wuta ba, an ɗauko busasshen kututturen an kai shi gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an gina masa rumfa. Tun 1997 kuma akwai dokar kare kayan tarihi da al'adu, wadda ta ba hukuma ikon ƙidaya abin da ya cancanta da kuma hana a lalata shi.

Aikin bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Ana bukatar littafi guda da mutum 2 da za su zaga garejoji da kangaye na Matamaye da Kance da Ɗan Barto, su rubuta irin mota, da lambarta, da wanda ya mallake ta, da aikin da ta yi. Daga ciki a zaɓi 3 ko 4, babbar motar gyaɗa, da Land Rover ta hukuma, da a-kori-kura, a daidaita da magada a kan kuɗin da sikeli zai ba su, a zare batir da mai, a ɗora su a kan dakali, a yi musu rufin kwano. Sauran a bar wa maƙera da ƴan gwangwan, gari ya huta da sauro.

Ɓangaren da ya fi gaggawa shi ne na mutane. Wanda ya yi karen mota yana ɗan shekara 15 a kakar gyaɗa ta 1966, yau ya haura 70. Su ne suka san wace mota ce ta wane, wace ce ta kafe a wace korama, nawa ake biyan buhu daga Matamaye zuwa Kano, wane kirari aka rubuta a goshin wace. Ba a rubuce yake a ofishin kowa ba. Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci suna da alƙalami, kuma tsofaffin nan maƙwabtansu ne, da la'asar ana samunsu a bakin tasha ko a ƙofar masallaci. Littafin lakwal mai shafi 100 ya isa ɗaukar labarin direba guda.